Lukumanu da Zabin Alhaji Kailu

"Ni na koya wa kwamfuta tunani, kun san haka?" in ji Lukumanu, ɗan unguwar Bromakoté ta Abijan, wanda ya yi wata uku cur a ajin kwamfuta ya fito yana kiran kansa Injiniya.

Tunanin kuwa ga shi: ka ba na'ura ƙa'ida, ta riƙe ta a kan kowa, sai wanda ka ce mata banda shi. Gogan ya rubuta, "Duk tsuntsu yana tashi." Ya ƙara, "Banda na gida."

Ana gobe suna a gidansa, Alhaji Kailu na unguwar Treichville, wanda Lukumanu ke neman 'yarsa Ikilima, ya aike shi kasuwar Adjamé ya sayo zabi goma sha biyu. Gwaji ne, kowa ya sani. In zabi sun iso lafiya, za a sa ranar aure.

To, Lukumanu haifaffen Abijan ne, bai taɓa ganin zabuwa ba sai a cikin miya. Ya leƙa shago ya tambayi kwamfutarsa. Zabuwa ta gida ce? E. Amsa ta fito: ba ta tashi.

Ya iso da kwando cikin woro-woro, tasin haya, yana taƙama, ya dire a tsakar gida gaban baƙi, ya kama kwance ƙafafun zabi.

"Kai, bari a fige musu fiffike tukuna!" in ji Hajiya Baraka, uwar Ikilima.

"Tanti, pardon, wannan logique ce. Ordinateur, wato kwamfuta, ya riga ya yanke hukunci."

Firrr! Zabi ba su halarci ajin kwamfuta ba. Biyar suka haye rufin maƙwabta, shida suka nufi bakin ruwa suna ihu kamar an biya su. Baƙi suka bi su da tsintsiya, rawanin liman ya faɗa kwata.

Lukumanu ya leƙa kwando, sai ya washe baki. Ɗaya na kwance abinta.

"Voilà! Tonton Alhaji, ga shaida. Ƙa'idata daidai take, sauran ne suka kauce!"

Hajiya ta ɗaga ta ta ƙafa, wuya ya langaɓe.

"Wannan ai mushe ce. A kan kwandon ka zauna a mota ko?"

Alhaji Kailu ya karɓi gawar, ya danƙa masa a hannu cikin mutunci.

"Riƙe da kyau, Injiniya. A gidan nan ita kaɗai ce za ta yarda ta zauna da kai."