Rasuwar Almakashin Bahago

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannun hagu cike da murna, Bahago mai yanka na shagon ɗinkin yunifom yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar tsohon almakashinsa. Marigayin ya cika ne a tsakar gida, a bakin aikin da ba nasa ba.

Baƙin ƙarfe ne, mai nauyi kamar alhaki. Bahago ya gaje shi daga ubangidansa ranar da aka yaye shi. Almakashin na hannun dama ne. Bahago kuwa, sunansa ya faɗi komai. Ubangidan bai lura ba, yaron bai isa ya yi magana ba, kuma ba a mayar da kyautar babba. Haka suka zauna tare fiye da shekara talatin, kowa yana cutar kowa cikin mutunci.

Marigayin bai taɓa ƙin kaki ba, komai kaurinsa. Bai taɓa zuwa aro ba. Maganarsa ɗaya ce, ƙyas, ƙyas, ƙyas, daga buɗe shago har rufewa. A ƙarshen rayuwarsa ya ƙara da ƙiii, wanda teloli suka ɗauka nasiha ce.

Ya bar baya da dama: kanta a gindin babban yatsa, zugi a wuyan hannu, tsami a gwiwar hannu, da kafaɗar hagu da ta fi ta dama tsawo. Ya kuma bar wani sirri da duk unguwa ta sani. Mutumin da ya yanka rigunan rabin makarantun gari ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa. Uwargida ke ɓalla masa kowace safiya, tana yi tana wa'azi.

An yi ƙoƙarin raba su. Jami'ar lafiyar ma'aikata ta zo shagon, ta tsaya ta kalli yadda yake yanka, ta auna teburin, ta murɗa hannunsa har ya ambaci iyayensa. Ta ba da shawara uku: a ɗaga teburin, a riƙa hutawa tsakanin yanka, a sayi almakashin hagu. Ta ce in ba haka ba, nan gaba ko cokali sai an riƙe masa. Bahago ya sa bulo a ƙafafun tebur. Hutu kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ta ukun kuwa, ya ce shi da tsohon almakashinsa sai dai mutuwa ta raba.

Uwargida ta ji wannan sharaɗi, ta riƙe.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ranar da Bahago ya kawo marigayin gida don wasawa, igiyar shanya ta ƙarfe ta buƙaci a rage mata tsawo. Akwai filaya a gidan, har biyu. Ba a gan su ba a ranar. A hannun uwargida, marigayin ya ciji waya sau ɗaya, ya ce ƙas, ƙusar tsakiya ta tashi sama, ya rabu gida biyu. Uwargida ta ce ƙaddara ce. An ji tana rera waƙa a kicin, wanda iyali suka fassara da kuka.

Magajinsa ya riga ya kama aiki. Ɗan ƙarami ne, mai mariƙin roba ja, na hagu. Bahago ya ce ba shi da kwarjini. Ya faɗi haka yana murza yatsun da suka yi shekaru a sandare, yanzu sun fara jin sanyin ruwa.

Za a rataye gawar a ƙusa bisa ƙofar shago ranar Asabar da hantsi, ɓari a dama, ɓari a hagu, inda hannu ba ya kaiwa. An roƙi masu walda da kada su halarta. Masu ta'aziyya su zo da wuri su sami wurin tsayawa, domin mai makokin zai fito da riga a buɗe, ya ɓalla maɓallanta da kansa, tun daga wuya har ƙasa.