Sobiyar da ta kwana uku a mota

A gidanmu na unguwar Harra a Madina ni ne mai cika bakin cewa harshena ba ya kuskure, tunda uwata kunun zaki take sayarwa a Damagaram. Da azumi ya zo, 'yan ɗakinmu suka sayo sobiya, abin shan sha'ir na mutanen Hijaz, daga shago huɗu, suka ce in fitar da zakara.

Bayan shan ruwa na gyara zama kamar alƙali. Ta farko na ce ta yi ruwa, ta biyu kirfa ta yi mata yawa. Ta huɗu kuwa tana tsikarar harshe, har da 'yar kumfa. Na shanye kofi uku, na ce, "Wannan ita ce ta manya."

Malam Habu, ɗalibin jami'a da ke koya mana karatu, ya shinshina kofinsa, ya ajiye a hankali, ya juya ga Sani, ɗan ɗakinmu da ya sayo ta huɗun.

"Sani, yaushe ka sayo wannan?"

"Ran Talata, Malam. A mota na manta ta."

Ranar kuwa Juma'a ce. Ashe ta tsima ta zama giya. A Madina, cikin Ramadan. Kaina ya fara juyawa, ban sani ba ko tsoro ne ko ita ce. Da motar shurɗa, wato 'yan sanda, ta gifta, na ciro iƙamata, takardar izinin zama, na yi mata kallon bankwana. Tarawihi ma a ɗaki na yi, don kada liman ya ji wari.

Malam ya ce babu laifi ga wanda bai sani ba. Amma har yau, ko shayi Sani ya miƙo mini sai ya ce, "Haƙuri, Alhaji, ta manyan ta ƙare."