Rijiyar Fetur a Gonata

Da ruwan farko ya sauka, na tafi gonata da ke hanyar Zango in ga ko ƙasa ta sha. A wani kwari ruwa ya kwanta, sai ga kumfa tana tasowa daga ƙasa, ɓul-ɓul-ɓul, ba ƙaƙƙautawa.

Ni kuwa na taɓa zaman wata uku a Kudu, don haka ba wanda zai koya mini harkar mai. Nan take na yanke hukunci cewa iskar gas ce, akwai fetur a ƙasa. Na hana a shuka gero a wurin, na kewaye shi da ƙaya, na ɗauko mai unguwa a babur, jama'a na biye.

"Ranka ya daɗe, a ja baya," na ce. Na ƙyasta ashana na kara a kan kumfar ina kare fuska. Ashanar ta ci har ta ƙone mini yatsa. Shiru.

Baba Ilu, maƙwabcin gonata, ya zura sandarsa ya tona. "Malam, tsohon gidan gara ne. Ruwa na shiga ramukan, iskar ciki na fitowa. Ko busasshen tubali ka jefa a ruwa haka zai yi."

Mai unguwa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Shekara huɗu ke nan, amma in na ratsa kasuwar Daura 'yan acaɓa sai sun tare ni: "Alhaji mai rijiya, a zuba mana lita biyu!" Matata kuwa, tukunya na tafasa za ta leƙo: "Maigida, zo da ashanarka."