Rasuwar 'Yar Ikko, Wuƙar Aljihun Malam Datti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har baki, mu 'yan majalisar gindin mangwaro ta Area 2, Garki, a madadin maƙwabcinmu Malam Datti, tsohon ma'aikacin ɗakin ajiye fayil, muke sanar da rasuwar wuƙarsa ta aljihu mai naɗewa, wadda aka fi sani da 'Yar Ikko. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hannun mai ita, bayan doguwar jinya. Wanda abin ya ba dariya ya gama dariyarsa a gida kafin ya zo.

Muna faɗin haka ne saboda abin da ke rataye da ita. Tun da matarsa Zulai ta rasu, 'yarsa Zakiyya da ke aure a Zariya take fama da shi ya bar zaman kaɗaici ya koma wurinta. Shi kuwa Malam Datti ya ce gidan nan da guminsa ya saye shi daga gwamnati, a cikinsa Zulai ta yi numfashinta na ƙarshe, ba wanda zai kwashe shi kamar kayan wanki. Da ta matsa masa, sai ya ciro wuƙar ya ɗaga a gabanmu ya ce, “Zakiyya, muddin ina iya buɗe wannan da kaina, ba inda za ni. Ran da na kasa, zo da mota.” Ita ko ta ce, “Na ji, Baba. Ga shaidu.” Mu ne shaidun, kuma mun yi da na sanin zama wurin a ranar.

An samu marigayiya a Ikko, wato Legas, a shekarar da aka ce gwamnati ta tattara ta koma Abuja. Aka ɗaure fayil-fayil da igiya dami-dami, aka ce Datti ne zai bi babbar mota ya kwance su a sabon ofis. Ya je teburin wani Bakatsine mai sayar da wuƙaƙe a Obalende ya ɓata masa yini guda yana zaɓe. Wannan ta yi nauyi, za ta ja aljihu ta karkatar da wuyan riga. Waccan bakinta ya fi yatsa tsawo, ɗan sanda zai samu abin magana. Wata kuma ja ce, shi ba direba ba ne. Da aka rage saura biyu, sai ya sa kowace a aljihun gaba, ya shimfiɗa kwali a bakin titi ya gwada sujada da ita. Ta farko ta zame ta faɗi gaban goshinsa. Ta biyu, 'yar baƙa mai mariƙin ƙaho, ta zauna daram. Bakatsinen ya ce tun da yake sana'a bai taɓa ganin wanda ya kai wuƙa sallah kafin ya biya ba.

Da ita ya shigo Abuja lokacin da Garki ciyawa ta fi mutane yawa. Ita ta yanke igiyar dami na farko. Ta feƙe fensir, ta ɓare ambulan, ta gyara asuwaki, ta raba goro ɗaya tsakanin mutum shida ba wanda ya yi ƙorafi. Ran da ƙyauren bayin ofis ya maƙale da wani babban oga a ciki, ita ta kwance sukurun, kuma har yau ba ta faɗa wa kowa ba. Ba ta taɓa buɗe baki cikin aljihu ba a kira ta ba, abin da ba za mu iya faɗa game da rabin majalisar nan ba. Ba ta shiga faɗa ba ko sau ɗaya. Magana biyu kawai ta sani: in ya sa farcen babban yatsa a 'yar tsagarta ya ja, ta ce “ƙas”, in ya gama ya rufe, ta ce “tak”. Zulai kan ce daga kicin take jin “ƙas” ta san maigida ya zauna, shayi ya zo.

Ciwon ajalinta ya fara ne a hankali, kamar shekara biyu da suka wuce. Malam Datti ya ce ta fara tauri. Ya ɗiga mata man keken ɗinki. Ya jiƙa ta a kananzir. Ya ce damina ce, sanyi ya shiga gaɓarta. Rani ya zo, ya ce datti ne. Muna zaune sai mu ga ya ciro ta, farcen ya nufi tsagar ya wuce, ya dawo ya wuce, hannun yana kaɗawa kamar na mai tankaɗe. Sai kowa ya samu abin kallo a titi. Daga baya ya koma buɗe ta a ɗaki, mu ba mu san da me ba, ya fito da ita a buɗe, naɗe cikin hankici. Muka ce masa lallai wuƙaƙen da sai da lallashi.

A watan jiya ya kai ta asibiti, wato teburin Maliki mai washi a kasuwar Garki. Maliki mutumin kirki ne, amma Hausar kasuwa ya iya, kuma bai san inda ake yin shiru ba. Ya karɓa, ya sa farce, ta ce “ƙas”. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce, “Oga, wuƙa ɗin nan lafiyansa lau. Babu komai ya same shi.” Malam Datti ya fizge abarsa ya ce wuƙa mace ce, wanda bai san wannan ba ina zai san ciwonta.

Duk da haka ya tsaya, don a ransa ya ƙudurta in wata sabuwa ta buɗu masa, alkawari bai faɗi ba, ai bai ce lallai sai wannan ba. Maliki ya baje masa duk abin da yake da shi. Ya ɗauki ɗaya ya ce ta yi sheƙi da yawa. Ya ɗauki wata ya ce ƙarfen gwangwani ne. Kowace sai ya juya baya kaɗan, ya gwada ta a ɓoye, sannan ya nemo mata laifi. A ƙarshe aka ba shi irin ta zamani mai maɓalli, wadda ko tsohuwa za ta buɗe. Ya danna, ta buɗe, ta yi tsalle daga hannunsa ta faɗi kusa da ƙafar wata mai sayen albasa. Bai tsaya jin abin da matar ta ce ba. Ya dawo gida a ƙafa, ya wuce mu ba sallama, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar Talata Zakiyya ta zo. Ba mu san wanda ya kira ta ba, kuma in mun gano shi zai ji daga gare mu. Ta gaishe mu, ta durƙusa ta ajiye lemo ɗaya a gaban ubanta, ta ce, “Baba, fere min, kamar da.” Ya ciro 'Yar Ikko. Ya gwada da dama, ya gwada da hagu, ya dafe ta a gwiwa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ba wanda ya kalli titi wannan karon, mun rasa ƙarfin yin hakan. Can ya ajiye ta a tabarma ya ce, “Ta mutu.” Zakiyya ta ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Asabar mota za ta zo.” Ta shige gida tana share ido.

Jiya da la'asar tana ɗaure katifarsa, igiya ta yi tsawo, ta rasa abin yankawa. Muna zaune da shi a waje, ta taga muka ji “ƙas”. Malam Datti bai ɗago ba. Mu ma ba mu ji komai ba, kuma haka za mu faɗa ko a gaban alƙali.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, dutsen washi, wanda shi ma ya rame ya yi rami a tsakiya; da maƙwabtanta na aljihu, carbi da makullin gida, wanda za a miƙa wa ɗan haya ƙarshen wata. Ta kuma bar mu, tsofaffi huɗu masu ɓara goro da haƙoran da suka rage.

Za a sa ta a makwancinta, ƙasan akwatin kayan Zulai, ranar Asabar da safe, kafin a ɗora akwatin a mota. Babu rakiya zuwa tasha, mai ita ya ce ba ya so. Za a karɓi gaisuwa a gindin mangwaro daga yau har zuwa ranar. Kada kowa ya zo da sabuwar wuƙa, kada kowa ya zo da sunan likita, kada kuma a ce masa Zariya ba nisa. Duk wanda ya miƙa masa hannu ya gaisa ya saki da wuri. Kada a riƙe.