Ranar da Na Yi Shelar Makin Hanifa

In dai da raina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe baki a taron iyayen yara na yi wa duniya shelar makin 'yata ba. Har yau in abin ya faɗo mini ina tsaye a tashar jirgin ƙasa na metro ta Al Rigga, sai in ji na ja tsaki ni kaɗai, mutane su yi ta waigowa.

Shekarar korona ce. Hanifa, babbar 'yata, tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Dubai, kuma ta daɗe da ƙwallafa rai a kan wata jami'a a Amurka, irin waɗanda ke tankaɗe masu nema kamar garin tuwo. Jarrabawar SAT, wadda ake yi don neman shiga can, sau ɗaya ta samu ta zauna, sauran ranakun duk an soke su. Da sakamako ya fito ta same ni a falo ta ce a hankali, “Abba, dubu ɗaya da ɗari biyu na samu.”

Na ce, “A cikin nawa?”

Ta ce, “Dubu ɗaya da ɗari shida.”

To ni injiniya ne, ba na buƙatar biro. Nan take na raba a kaina: saba'in da biyar cikin ɗari. A1 ke nan fa a jarrabawarmu ta gama sakandare! Na sake juya shi zuwa ta shiga jami'a da muke yi a kan ɗari huɗu, ya ba ni ɗari uku cif. Kai jama'a! A zamaninmu wanda ya ci ɗari uku, har unguwar da ba tasu ba sai an san sunan ubansa. (Ni ɗari biyu da 'yan kai na ci, kuma shekara talatin ina ba da labari.)

Ban tsaya kallon fuskarta ba. Na sa aka kawo faranti biyu na shinkafar mandi, na raba wa maƙwabtanmu na bene a unguwarmu ta Al Muraqqabat. Na rubuta a guruf ɗinmu na 'yan Arewa mazauna Dubai, aka yi ta turo mabruk da Allah ya sanya albarka. Na kira Hajiyarmu a Kano, ta ce za ta yi sadakar waina.

Sai ga magana ta taso. Saboda korona, jami'o'in sun ce zaɓi ne: ka ga dama ka aika makinka, ka ga dama ka bar shi, su duba sakamakon aji da rubutunka. Malamar da ke ba su shawarar jami'a a makarantarsu, wata 'yar Labanan, ta ce wa Hanifa kada ta aika nata. Da labari ya iso ni, wallahi sai da na miƙe tsaye. A inda na taso, yaron da ya ɓoye sakamako shi ne wanda ya faɗi, kowa ya san wannan. Na ce wannan baƙin ciki ne kawai, an ga 'yar Najeriya ta yi zarra ana so a danne ta. Maman Hanifa ta ce, “Abban Hanifa, ka dai tambayi waɗanda suka sani.” Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na juya na ce wa yarinyar za a aika, khalas, magana ta ƙare.

Ta ce, “To, Abba.”

Ana saura kwanaki a rufe karɓar takardu, makaranta ta kira taro ta bidiyo, iyaye da ɗalibai gaba ɗaya. Ina falo da kwamfutata, na sa hula ta musamman, Hanifa tana ɗakinta da tata. Malamar ta gama bayani ta ce ko akwai mai tambaya. Ni ba tambaya gare ni ba, huɗuba na tanada. Na kunna murya, na gyara zama, na zuba Turanci. Na ce mu mutane ne masu gaskiya, ba ma ɓoye abin da Allah ya ba mu. Na ce 'yata Hanifa (har sunan sai da na kama, don kada a yi kuskure) ta ci dubu ɗaya da ɗari biyu, kuma ina so a faɗa mini a gaban kowa dalilin da za a binne irin wannan maki.

Aka yi tsit. Na ɗauka girmamawa ce.

Malamar, Allah ya saka mata, ta yi murmushi ta gode mini. Ta ce ba za ta yi magana a kan wani ɗalibi ba, amma dai a wannan jarrabawar ko sunanka kawai ka rubuta kana da ɗari huɗu, kuma masu aika maki irin waɗancan jami'o'in yawanci a kusa da dubu ɗaya da ɗari biyar suke. Kafin in haɗiye wannan, wani uba ɗan Indiya ya shigo da tasa damuwar. Ya ce ɗansa dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin ya samu, ya ƙi cin abinci, shin su aika ko su rufa wa kansu asiri?

Na juya na ce da ƙarfi, “Innalillahi! Maman Hanifa, ashe mandin nan a banza na raba?” Sai ga muryar malamar cikin ladabi tana cewa, “Yallaɓai, har yanzu muna jin ka.” Hausa ba sa ji, amma innalillahi ai ba ta buƙatar tafinta a Dubai. Na ga wata uwa Balarabiya ta kawar da kai kafaɗunta suna rawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da hular tawa zan shige.

Na rufe kwamfuta na daɗe a zaune, sannan na je na ƙwanƙwasa ɗakin Hanifa. Na yi zaton kuka zan tarar ko fushi, don na tona mata asiri a gaban 'yan ajinsu kaf. Ta buɗe ƙofa, idanunta jawur, amma dariya take ƙoƙarin dannewa.

Na ce, “Ke kin san haka abin yake?”

Ta ce, “Tun ranar na sani, Abba.”

“To me ya hana ki faɗa mini?”

Ta sunkuyar da kai. “Ban taɓa ganin ka yi murna da ni haka ba. Na ce gara in aika su ƙi ɗaukata, da in ɓata maka.”

Wannan maganar ta fi ta taron zafi. Yarinya ta shirya zubar da abin da ta yi shekaru tana wa wahala, don kawai kada bakin ubanta ya rufu. Na zauna a bakin gadonta na ba ta haƙuri, kuma ba na jin kunyar faɗa, sai da na share ido. Na ce ta bi shawarar malamarta, ni na sauka daga kujerar.

Ba ta aika makin ba. Da sakamakon ajinta da rubutunta ta nema, kuma alhamdulillahi sun ɗauke ta. Ban ce don an ɓoye makin ne ba, wannan Allah ne masani. Na dai san da na yi shiru a taron nan, da da hannuna zan tura ta ta aika, ita kuma ba za ta taɓa ce mini uffan ba. Shi ya sa nake gode wa Allah da ya kunyata ni da wuri, kuma a gaban mutanen da yawancinsu ba zan sake gani ba.

Abin da na koya shi ne, in kana ta rawa ɗanka yana tsaye shiru, ka dakata ka tambaye shi ko kiɗan ma nasa ne. Yanzu ƙanenta ya kusa kaiwa ajin ƙarshe. Ina halartar kowane taro, ina gyaɗa kai kamar mai fahimta, amma kwamfutar a kan cinyar Maman Hanifa take zama.