Gajeriyar Hanyar Mai Raba Wasiƙu

"A'a, maraba da farfesar faɗuwa! Yau ma sifilin kika kawo mini tsaraba?"

Da haka tsoho Alvin Koskela ya tari jikarsa Marnie ran Asabar da hantsi, yana bayan gidansa a garin Duluth yana kyafa kifi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu da ƙafa a unguwar nan mai hawa da gangara kafin ya yi ritaya. Ita kuwa Marnie karatun kwamfuta take so a jami'a, amma sai ta ci wani darasin lissafi tukuna, na ƙirge da kafa hujja da haɗa ɗigo da layi. Bara ya kayar da ita. Bana in ta sake faɗuwa, shi ke nan, an rufe mata ƙofa.

Ta miƙa masa waya tana ƙunshe dariya. "Nemo tabaranka, tsoho. Maki tamanin da bakwai! Jami'a ta ɗauke ni."

Ya ƙura wa wayar ido, ya ɗan share hanci. "Hayaƙin nan ne ya dame ni. Malamin naku dai ya gaji da ganin fuskarki ne, ya tura ki gaba."

"Gajiya? A gaban aji ya nuna aikina. Kuma ka san a kan wa na yi shi? A kanka! Na zana titunan da ka saba bi, kowace mahaɗa ɗigo, kowane titi layi, na lissafa hanyar da za ta zagaye duka ba yawan maimaici. Kaka, kullum minti talatin ka riƙa ɓatawa a banza!"

"Ji ja'ira! Ke da kike ɓacewa tsakanin ɗaki da kicin, ke za ki koya mini hanya? Karnukan unguwar nan ma ni suke tambaya kwatance."

"Shi ya sa suke binka da gudu."

"Ɗigo da layi! Da wannan ake shiga jami'a, da kajin maƙwabciyata Misis Dahlberg sun zama daktoci, don kullum shi suke zanawa a ƙasa. Lissafin naki ya san ƙanƙarar watan Janairu? Ya san gwiwa?"

"Bai san gwiwar tsoho ba, amma ya san wanda ke hawa tudun coci sau uku alhali sau ɗaya ya isa. Titin Ƙirjin Kura kuma har sau biyu."

"Babu titi mai wannan suna."

"Ni na raɗa masa, saboda yadda kake haki a kansa."

Alvin ya juya kifin da ƙarfi, har wutsiyar ɗaya ta gutsire. "Ni takardar sabuwar hanyar da kika turo ran nan ma ban buɗe ba. Da ita na hura wutar nan."

"To. Ai kuwa Misis Dahlberg ta ce ran Talata ta ga wani tsoho mai kama da kai yana zagaye unguwa, takarda a hannun hagu, agogo a dama."

"Matar nan ba ta gani sosai."

"Ta ce har gaisawa kuka yi."

"Iska na fita sha."

"Da agogo? To ni dai lissafina ya ce minti talatin, kuma ba a ja da shi."

"Wane talatin? Talatin da takwas ne! Sau biyu na..."

Sai ya ankara ya tona wa kansa asiri. Marnie ta dafe ciki ta zauna a kan matakala, dariya har da hawaye. Tsohon ya yi ta maza na ɗan lokaci, shi ma ya fashe.

Ya shiga gida, ya fito da tsohuwar jakarsa ta fata wadda igiyarta ta yi baƙi don shan kafaɗa, ya rataya mata a wuya.

"Ungo, sa kwamfutar taki a ciki. Kin kayar da ni, na yarda. Amma ki gaya wa malamin nan, da gwiwa mai shekara saba'in da huɗu aka gyara muku minti takwas."