Ranar da Jikin Baba Ya Yi Sanyi

Ba zan taɓa mantawa da wannan hantsin ba, ko da na so. A shekarar da damina ta yi gardama ne, gero ya bushe a tsaye, Baba ya sare ƙafarsa da fartanya. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da noma. Sai da ciwon ya ruɓe, dafin ya shiga jini, muka kai shi asibiti a Ɗanbatta ba ya gane kowa.

Likita ya ce sai allura mai ƙarfi ta jijiya, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta iri-iri. Muka sayar da tunkiyar Inna muka sayo. Ni aka bar wa jinya (wai ni ne babba, mai hankali). Kwana da kwanaki ana ɗura masa ta hannu, jikinsa zafi kamar garwashi, sai sambatu. Tsoro ya cika ni.

Ran nan na dawo daga wanke kwano, na taɓa goshinsa na ji sanyi ƙalau. Ido a rufe, babu sambatu. Ban nemi nas ba. Na yi salati, na ja mayafi na rufe masa fuska, na tafi tasha ina kuka na ba direban garinmu saƙon rasuwar Baba ya kai gida.

Mu kuwa ba ma jinkirta gawa. Kafin azahar an fara haƙa kabari, Baffa ƙanin Baba ya iso da likkafani a hammata. Ni ina bakin ƙofar asibiti, na kasa komawa ciki. Muka shiga tare, sai ga Baba a zaune, nas tana sa masa allurar rana.

"Zazzaɓin ya sauka, maganin ya karɓe shi," in ji ta. "Amma sai ya ƙarasa allurarsa."

Baba ya dubi ƙunshin Baffa, ya dube ni. "Kai ka rufe min fuska? Ai da ka bari na sha koko tukuna."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya yi shekaru bayan haka, kullum na gaishe shi sai ya miƙo hannu: "Taɓa ka ji, ko na tafi?" Ranar da ya tafi da gaske ina riƙe da hannun nan har ya huce. Darasin Ɗanbatta ya zauna min: in kira wanda ya sani kafin in yi kuka. Na kira Baffa, ina fatan ya ce min na sake yin kuskure. Bai ce ba.